Fatar da Aka Ce Kada a Taɓa

Laraba, 1 ga Disamba, 1954. Azare, bayan la'asar.

Yau na kai yaron asibiti. Na ce wa Inna, mahaifiyata, tari za a duba masa, don in na faɗi gaskiya ba za ta sake shi ba. Tun da aka yaye shi yake hannunta a Katagum, kamar yadda ake yi da kowane ɗan fari a gidanmu. Ni da uwarsa Lauratu sai dai mu gan shi in Inna ta kawo mana ziyara, kamar wannan makon. Sunansa ba na faɗa. Ko a nan, inda ba mai karantawa sai ni, hannuna ya ƙi rubuta shi.

Likitan Bature ne, sabon zuwa. Ya kwantar da shi ya duba, ya gaya mini abin da na sani tun ranar haihuwa: ƙofar fitsarin ba ta kai inda ta kowa take ba, a ƙasa ta tsaya, wajen tsakiya. Fatar kuma ta sama kaɗai ce ta fito, ta ƙasa babu. Abin da ya sa ke nan Ya Gana ungozoma ta rangaɗa guɗa ranar, ta ce mala'iku sun fara masa kaciya tun yana ciki. Shekara bakwai gidanmu yana taƙama da wannan magana, yaron kuwa yana jiƙa wando duk lokacin da ya tsuguna.

Likita ya ce ana gyarawa. Akwai likitan fiɗa a Kano da ya iya, da wannan fata ta sama zai naɗa sabuwar hanya ya kawo ta har baki. Yana murna yana ce mini yaron zai yi fitsari a tsaye kamar kowane namiji. Na so in ce masa a garin nan ba namijin kirki da yake yinsa a tsaye. Ni abin da nake so ya tsuguna ya tashi da tsarkinsa, ya shiga sahu ba a matsa gefe ba, in ya girma ya yi aure ya haihu. Na bar shi da murnarsa.

Da za mu fita ya tsayar da ni a bakin ƙofa. "Malam, kada aska ta taɓa shi. Fatar nan ita ce ƙyallen ɗinkin. In aka yanke ta, an yanke abin gyaran." Ya sa malamin asibiti ya maimaita mini da Hausa, sai ka ce ba ni nake koyar da Turanci a elemantare ba.

Sanyi ya fara shigowa. Bappa Bubayero, wan mahaifina, wanda ya riƙe ni, shi ne babba a gidan Katagum, kuma ya riga ya ce bana yaran gida za su shiga kaciya.

Alhamis, 2 ga Disamba. Da safe.

Lauratu ba ta tambaye ni ba. Ta kawo koko ta ajiye, ta juya baya tana gyara tabarmar da ba ta karkace ba. Can ta ce wa bango, "Me aka ce game da ɗan Inna?" Ni ma na gaya wa bangon duk abin da likita ya faɗa. Ta ce Allah ya sa a dace, ta fita. Kokon ba gishiri ba sukari, haka na shanye shi.

Asabar, 4 ga Disamba. Da azahar.

Sun tafi. Na roƙi Inna ta bar mana shi har lokacin zuwa Kano ya yi, ta dube ni kamar na zage ta. Ɗan fari a gidan ubansa, kakarsa da ranta? Me za a ce da ita a Katagum? Ni ma ɗan farinta ne, har yau "kai" take ce mini. Da na fara zancen aska sai ta ja mayafi ta toshe kunne, ta ce wannan maganar maza ce, in kai wa Bappa.

To, zan kai wa Bappa.

Juma'a, 10 ga Disamba. Katagum, bayan an sauko masallaci.

Na kwana a Gadau, na ƙaraso da hantsi, ƙafafuna kamar ba nawa ba saboda keke. Na so in sami Bappa shi kaɗai, amma Bappa ba ya zama shi kaɗai. Zauren cike yake da dattawan unguwa. Na gaishe su, na jira, na ga ba mai niyyar tashi, sai na faɗa a gabansu. Na faɗa dalla-dalla, da sunan kowane abu. Dattawa suka shiga kallon juna.

Bappa ya gama tauna goronsa tukuna. "Gidaɗo, ni na riƙe ka. Ubanka ya koma ga Allah bai taɓa ɗaga ido ya dube ka a gaban mutane ba, kuma ba don ba ya sonka ba. Yau kai ne ka tako keke tun daga Azare, ka zo zaurena kana zancen cikin wandon ɗan farinka?"

Wani ya cusa fuska a hannun riga yana dariya. Na ji kunya har cikin ƙashina, ba zan ɓoye ba. Amma na sake. Na ce a ɗauka riga ce ta yage, tela ya ce a ajiye masa guntun yadin da ya rage, da shi zai yi faci. Bappa ya ce jikansa ba riga ba ne. Ya ce abin da mala'iku suka fara wanzami ke ƙarasawa, ba Nasara ba. Ya ce yaron da sa'o'insa suka shiga kaciya aka bar shi a waje, da gorin zai tsufa. A nan kam ban iya musa masa ba, don gaskiya ce, na san garin.

A ƙarshe ya ce ai kaciyar ma sai ƙarshen wata, in an gama zuba hatsi a rumbu. In je in gama jarrabawar makaranta, in dawo mu zauna. Na yi godiya. Har da godiya na yi.

Na biya ta wurin Mamman wanzami, na same shi yana wasa aska a tafin hannu. Ya saurare ni da kyau, ya ce, "Malam, ni na aske ka ranar suna. Abin da maigida ya ce, shi nake yi."

Yaron na gan shi a ƙofar gida. Ya durƙusa ya ce sannu da zuwa Malam, kamar yadda aka koya masa. Gaban wandonsa a jiƙe. Yaran unguwa Yayyafi suke kiransa, yana amsawa.

Talata, 14 ga Disamba. Da hantsi.

Jarrabawa. Ina zaune ina gadin 'ya'yan wasu.

Alhamis, 16 ga Disamba. Da azahar.

Wani mai jaki daga Katagum ya kawo mini ƙullin goro har cikin makaranta. Ya ce in ji Bappa, an yi wa yaran gida kaciya jiya da sassafe, duka, lafiya lau, a yi barka.

A gaban hedimasta ya faɗa. Hedimasta ya kama hannuna ya ce barka, malamai suka taso ɗaya bayan ɗaya, barka, barka, ɗan Malam ya zama namiji. Ni da hannuna na kwance ƙullin na raba musu goron. Ban san yadda aka yi ba. Na ga dai hannuna yana miƙawa.

A gida mata sun cika tsakar gida. Lauratu ta shige ƙuryar ɗaki ta lulluɓe fuska, suna ta tsokanarta wai ga Bafillatana, ga kunyar ɗan fari. Ni kaɗai na san ba kunya ba ce.

Wannan rana, bayan magariba.

Har limamin unguwa ya tsayar da ni ya ce barka.

Asabar, 18 ga Disamba. Katagum, da la'asar.

An yi musu bukka a bayan gida. Suna kwance a jere kan yashi, kowa da kara a tsakanin gwiwoyi don kada ya haɗa ƙafa, ƙasusuwan kaji ko'ina. Yaron yana tsakiyarsu. Ban taɓa ganin fuskarsa da haske haka ba. Yana ganina ya ce, "Malam, ban yi kuka ba. Bappayo na kusa da ni ya yi, ni ban yi ba." Yau ba wanda ya kira shi Yayyafi. Wannan ya fi komai ƙona mini rai, don ban san wa zan ji wa haushi a kai ba.

Mamman wanzami ya ja ni gefe yana washe baki. Ya ce aikin yaron nan ya ba shi wuya, fatar ta zo a karkace, amma ya bi ta a hankali ya share masa tas, ko ɗigo bai bari ba. Yana jira in yaba.

Bappa ya ce wanzami ne zai yi tafiya Gamawa, shi ya sa aka matso da ranar. Ƙarya yake yi, ya kuma san na sani. Ranar da na juya keke ranar ya aika aka kira Mamman. Na tsaya a gabansa, maganganu cike da bakina, ya miƙo mini ƙwaryar fura ya ce in sha, na sha hanya. Na tsani furar, na tsani zauren, na tsani yadda gwiwata take lanƙwashewa da kanta in na shigo shi.

Talata, 21 ga Disamba. Katagum, da safe.

An ba da hutu, na zauna. Na sauran yaran ya fara bushewa, nasa ya kumbura. Dole ya kumbura, tun da ta kan ciwon fitsarin yake bi. Safe da yamma ana wanke masa da ruwan bagaruwa, yana ihu har bakin kogi. Wanda bai yi kuka gaban aska ba.

Inna ta ce bakin mutane ne. Ta ce tun da na je na tona asirin yaro a zaure ta san za a rina. Wato ni ne.

Lahadi, 26 ga Disamba. Azare, bayan magariba.

Na ɗauko shi.

Yau aka fito da sauran, aka yi musu wanka, kowa da sabuwar riga, ana yawo da su gida-gida. Shi aka bari a bukkar shi kaɗai, jikinsa zafi rau, tasa sabuwar rigar a ninke a gefen kansa. Na ji motar gyaɗa tana lodi a bakin kasuwa za ta Azare. Ban yi shawara da kowa ba. Na sunkuya na saɓa shi a kafaɗa. Tun da aka haife shi ban taɓa ɗaukarsa ba, ashe ba shi da nauyi.

Ba wata hanyar fita sai ta zaure. Bappa ya ce, "Ajiye shi." Na ce ba zan ajiye ba. Ya ce, "Ka gama zubar mana da mutunci a garin nan, Gidaɗo." Na ce to. Iyakar abin da na iya cewa ke nan, bayan duk jawabin da na shirya a kan keke.

Yaron yana dukan bayana yana kiran Inna har muka wuce Gadau. Keken ma a can na baro shi, su ci.

Talata, 28 ga Disamba. Da hantsi.

Likita ya ɗaga zanen ya duba, ya mayar. Bai yi mini faɗa ba, da ma ya yi. Ya je ya daɗe yana wanke hannu a kwano. Sannan ya ce za a yi masa allurai har kumburin ya sauka, in ciwon ya warke sarai mu je Kano duk da haka, a ga abin da ya rage. Malamin asibiti ya raka ni waje yana cewa ai sai da aka gaya mini, har da Hausa.

Lahadi, 9 ga Janairu, 1955. Da yamma.

Zazzaɓin ya tafi. Yanzu muna da baƙo a gida. Ba ya cin tuwon Lauratu, wai ba irin na Inna ba ne. "Matar Malam" yake ce mata. Ta je wajen matan Fulanin da suke kawo nono kasuwa ta tambayi yadda mutanen Katagum suke dama fura, ta dama, ta ajiye a inda zai gani ta kauce. Ya sha rabi. Na ga tana leƙen ƙwaryar bayan ya tashi.

Juma'a, 21 ga Janairu. Bayan la'asar.

Ba saƙo daga Katagum. Ni ma ban aika ba.

Litinin, 7 ga Fabrairu. Da safe.

Yaran Azare ma sun gano. Ba wanda ya gaya musu sunan, da kansu suka laƙaba masa wani, wanda ya fi na Katagum muni. Ya daina fita. In zai zaga sai ya jira ba kowa a tsakar gida.

Litinin, 28 ga Fabrairu. Kano, da la'asar.

Hedimasta ya ba ni izini yana ɓata rai, wai wane irin ciwo ne wannan da uwa ba za ta iya jinya ba. Mun sauka a Fagge wurin Kawu Maigida, ƙanin uwar Lauratu, mai sayar da fata. Shi dai bai tambaye ni komai ba, Allah ya saka masa.

Likitan fiɗan dattijo ne, ba ya gaggawa. Ya duba ya sake dubawa, ya tambayi wanda ya yi kaciyar. Na ce wanzamin garinmu. Ya ce hannunsa yana da kyau, aiki ne mai tsabta. In na koma sai in gaya wa Mamman, Bature ma ya yaba.

Ya zaunar da ni ya zana mini a takarda. Tun da fatar wurin babu, zai yanko wata daga cikin damtsen yaron, inda gashi ba ya tsirowa, ya naɗe ta jikin 'yar roba, ya dasa. Ya ce fatar da aka yanke a Katagum da jininta take, a gida take, da wuya ta ƙi. Wannan kuwa baƙuwa ce, tana iya kamawa, tana iya mutuwa. Ya tambaye ni ko na yarda. Wa zan tambaya? Na ce na yarda.

Alhamis, 3 ga Maris. Bayan azahar.

An yi.

Da aka zo ɗaukarsa bai yi gardama ba, ya ɗauka allura ce. Sai da ya ga sun rufe hanci da baki da farin ƙyalle sannan ya fara kiran Inna. Na tsaya a baranda. Akwai wata bishiyar darbejiya a wajen, na san kowane reshe nata yanzu.

Da suka fito da shi kamar gawa, hannu a naɗe, ƙasa a naɗe, ƙafafu a ɗaure jikin gado. Ya daɗe bai farka ba. Sista mai jinya ta tattaɓa kumatunsa, ta ce mini in yi masa magana, in kira sunansa, yara sun fi jin muryar iyayensu. Na ce "kai". Na ce "yaro, tashi". Ta dube ni ta ce sunansa ta ce in kira, ko ban san sunan ɗana ba ne?

Na duba hagu da dama, sai ka ce Bappa yana ƙarƙashin gado. Sannan na sunkuya na faɗa. Talha. Bakina ya ji shi kamar kalmar wani yare.

Ya buɗe ido. Ya juya kai wajen ƙofa yana neman wanda ya kira shi. Ina tsaye a kansa, bai dube ni ba. Bai san sunansa da muryata ba.

Lahadi, 6 ga Maris. Da hantsi.

An sa masa wata roba da fitsarin yake bi ya sauka kwalba, don kada ya taɓa ɗinkin. Yana kwance rigingine, ƙafa a ware, daidai yadda ya kwanta a bukkar Katagum. Ya tambaye ni ko wannan ma kaciya ce. Na ce kusan haka. Ya ce to ina kazar?

Na fita na nemo gasasshiya. Ya ci cinya ɗaya ya amayar.

Alhamis, 10 ga Maris. Da yamma.

Damtsen ya fi damunsa. Wai me hannunsa ya yi.

Talata, 15 ga Maris. Bayan azahar.

An cire robar. Likita da kansa ya tsaya, aka kawo kwano, aka ce yaron ya yi fitsari. Ya ƙi, ya ce zafi. Aka ba shi ruwa ya sha, aka jira. Can sai ga shi ya fito, ta baki, siriri, a miƙe, ya faɗa tsakiyar kwano. Yaron ya zuba wa abin ido, ya dube ni, ya fashe da dariya. Ni ma na yi. Likita ya ce kada mu yi saurin murna, amma shi ma murmushi yake.

Na tafi Fagge da ƙafa ban ji nisan ba. Na sa Kawu ya nemo mai zuwa Azare, a gaya wa Lauratu an dace. Na yi niyyar in mun koma in kai shi Katagum da kaina, in sa ya tsuguna a gaban zauren Bappa, ya tashi da wando a bushe. Ba zan ce komai ba, kallonsu kawai zan yi.

Alhamis, 17 ga Maris. Da safe.

Ɗigo ɗaya a ƙasa. Sista ta ce wataƙila gumi ne.

Asabar, 19 ga Maris. Da la'asar.

Ba gumi ba ne.

Ɗinkin ya buɗe daidai inda tsohuwar ƙofar take. Likita ya ce gefen baƙuwar fatar ne bai kama ba. Yanzu kaɗan yana bi ta sabuwar hanya, mafi yawa ta tsohuwa. Ya ce ba a sake taɓawa sai naman ya yi laushi, mu dawo bayan damina. Na tambaye shi ko a karo na biyu za a dace. Ya ce ba zai yi mini alkawari ba, kowane yanka tabo yake ƙarawa, tabo kuwa ba ya son ɗinki. Ya fara cewa da fatarsa tana nan, sai ya fasa ya rufe takardunsa.

Saƙon da na aika wa Lauratu ya riga ya isa. Tana can tana murna.

Laraba, 23 ga Maris. Azare, bayan magariba.

Ta yi shara, ta yi dambu, ta yi lalle. Tana ganin fuskata ta mayar da murfin tukunya.

Lahadi, 27 ga Maris. Da azahar.

Bappa ya zo cin kasuwa, ya biyo. Ya kawo mini kekena a bayan mota, an wanke shi har an sa masa mai. Yaron yana jin muryarsa ya fito da gudu ya faɗa jikinsa. Ni ban taɓa samun wannan gudun ba.

Ya sa aka kwance damtsen ya gani. Ya shiga da shi bayan ɗaki ya duba sauran. Da ya fito bai ɗaga murya ba, Bappa ba ya ɗaga murya. "Yaro yana zamansa da baiwar da Allah ya yi masa. Mun ƙarasa masa sunna kamar kowa. Ka ɗauke shi ka kai an yayyanka, har hannu. Yanzu me ka samu?"

Na ce da an bar fatar da ba a taɓa hannun ba. Ya ce har yanzu dai zancen fatar nan nake. Ya ce duk Katagum an san abin da ya faru, an san wanda ya ɓata yaron, ana dai yi mini addu'a. Ya ce Inna ba ta da lafiya tun da aka raba ta da jikanta, in haɗa masa kayansa.

Na ce ba inda za shi sai an koma Kano bayan damina. In na sake shi ba za su ba ni shi ba, na sani, su ma sun sani. Bappa ya tashi ya kaɗe riga. Yaron ya riƙe masa hannu yana kuka, sai da na ɓamɓare yatsunsa ɗaya bayan ɗaya. Duk abin da aka faɗa a kunnensa aka faɗa.

Litinin, 28 ga Maris. Da yamma.

Bai yi mini magana ba yau. Lauratu ma ba ta yi ba, amma ita ban san da wa take fushi ba.

Talata, 29 ga Maris. Da hantsi.

Na dawo daga masallaci da safe na ji motsin ruwa a bayan ɗaki. Na leƙa. Yana tsugune da buta, ya tuɓe wando yana cuɗa shi a kan dutse, ba sabulu, da hannu ɗaya, don ɗayan har yanzu ba ya miƙewa sosai. Yana yi yana waige kada a gan shi.

Na ce, "Talha."

Wannan karon ya juyo. Ya dube ni sosai, ba tsoro, ba kuka. Ya ce, "Malam, da ta wuri ɗaya yake fita. Yanzu ta biyu."

Ina da amsa. Ina da ta likitan Azare, da ta likitan Kano, da wadda na ba Bappa a zaure aka yi mini dariya. Duk gaskiya ne, ba kuma wadda za ta busar da wandon nan.

Na tsuguna na karɓe shi daga hannunsa. Lauratu tana tsaye a ƙofar madafa, ta ga uban ɗan fari yana wanke wa ɗansa fitsari da rana tsaka, ba ta kau da kai ba. Ta shiga ɗaki ta fito da sabulu, ta miƙo mini. Shi kuwa ya koma bakin zaure ya zauna, yana kallon hanyar da motar Katagum take bi.